Ƙurar Da Ta Shiga Gidanmu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan labari ina ɗagawa, domin akwai wuraren da har yau in na zo kansu sai maƙogwarona ya cushe. Na yanke shawarar rubutawa ne saboda yaran da suka taso a ƙauyuka irin namu, musamman mata, masu sha'awar kimiyya amma suna ganin ƙofar ta yi musu nisa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, kuma ba zan faɗi sunan ƙauyenmu ba.

An haife ni a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara. Gidanmu gidan noma ne, gero da dawa da wake. Haƙar zinare ba baƙon abu ba ne a yankinmu, tun kakanni ana yi jefi-jefi, amma wajen 2009 farashinsa ya tashi a kasuwar duniya har oza ɗaya ta haura dala 1,000. Sai maza suka koma rami. Da yamma za ka ga babura suna shigowa da buhunan dutse. Matan aure ba sa fita, saboda haka rabonsu na aikin a cikin gida yake: su fasa dutsen da guduma, su daka a turmi, sauran a kai injin niƙa. Turmin da aka daka dutse da hantsi, shi za a ɗauraye a surfa gero da la'asar. Ƙura kuwa ba inda ba ta sauka, kan tabarma, kan murfin randa, kan hatsin da aka shanya, kan yaran da ke rarrafe a tsakar gida suna kai hannu baki.

Ba na zargin kowa. A shekarar nan Baba ya rufa ɗakinsa da kwano, Inna ta sayi akuya da kuɗin hannunta a karon farko a rayuwarta. Wanda bai san yunwar tsakiyar damina ba, shi ne zai yi saurin cewa me ya kai su.

Agwagi ne suka fara mutuwa. Muna tashi da safe mu tarar da su a bakin tafki, kowa ya ce annobar tsuntsaye ce. Bayan su sai yara. Ƙanena bai cika shekara uku ba, ni kuma ina da 12, kuma ni ce mai goyonsa tun da aka yaye shi. Ya fara da amai da ciwon ciki, ya daina wasa, in na sauke shi sai ya kwanta inda na ajiye shi. Daga nan jijjiga ta zo. Ina jin yadda jikinsa ke ƙagewa a bayana, ƙafafunsa suna bugun ƙuguna, ina kiran Inna. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanƙarau, mai kemis ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi allura. Allah ya karɓi abinsa kafin kowa a garin ya ji kalmar gubar dalma.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wato MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka lura yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum fiye da ƙima, kuma maganin sanƙarau da na zazzaɓi ba sa yi musu komai. Da aka gwada jini sai gaskiya ta fito. Dutsen da ake kawowa gida cike yake da dalma, irin wadda ke saurin narkewa a cikin yaro. Daga baya na karanta cewa ana fara ba yaro maganin fitar da gubar idan ta kai maikrogiram 45 a kowace desilita ta jini, kuma ƙaramar na'urar da suka zo da ita, LeadCare II, iyakarta 65. Jinin yara da yawa ya wuce abin da za ta iya karantawa. A ƙauyuka biyu da masu bincike suka ƙirga gida-gida, kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimilla an ce yara sama da 400. Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Bagega, sunayen da duniya ba ta sani ba sai ga su a rediyo.

Ranar da aka tara mata aka yi musu bayani, Inna ta dawo ta zauna a bakin murhu ba ta hura wuta ba. Da Baba ya shigo sai ta ce, "Malam, ashe ni na daka mishi ajali nai da hannuna." Baba ya ce, "Ki bar faɗin haka. Kowa da kwananshi." Ba ta sake faɗa ba, amma daga ranar ba ta ƙara ɗaga taɓarya ba, ko ta gero ce. Ni ke daka, ko a kai maƙwabta.

Ƙanwata, wadda ke bin marigayin, ta rayu. An kwantar da ita tare da Inna a Anka ana ba ta maganin, mai wani irin wari da har yau in na tuna sai na ji shi a hancina. Masu aikin tsaftacewa suka zo suka kankare saman ƙasar tsakar gidanmu, suka kwashe, suka zuba sabuwa. Sai dai abin da dalma ta taɓa a ƙwaƙwalwar yaro ba ya komawa yadda yake. Ta yi jinkirin magana, kuma da aka sa ta makarantar allo, abin da ta biya yau gobe ya gudu. Yarinya ce mai haƙuri da son mutane. Ina faɗin wannan ne domin duk lissafin da ake yi na waɗanda suka mutu ne, waɗanda suka rayu da tabon kuwa suna nan cikin gidaje, sun zama 'yan mata da samari.

Goggona da ke aure a Gusau ita ta ɗauke ni bayan rasuwar. Da ban bi ta ba, na san da an yi mini aure kafin na kai 15 kamar sa'o'ina. Ta sa ni makaranta, na fara a baya da shekaruna, na yi ta ja har na gama sakandare, na samu gurbin karanta kimiyyar sinadaran jikin halittu a jami'a. Mutane na tsammanin tun farko na ƙudurta zan yaƙi dalma. A gaskiya gudun maganar nake yi. Ko a aji aka zo kanta, sai na sunkuyar da kai ina rubutu.

A 2020 korona ta zo, yajin aikin malaman jami'a ya haɗu da ita, daga Maris har Disamba muna gida. Cikin wannan zaman ne wani malaminmu ya turo mini sanarwa ta WhatsApp: wani ɗakin bincike a wata ƙasa ta Turai na neman ɗalibai daga ƙasashe daban-daban su haɗu su yi aiki ta intanet a fannin fasahar nano ta halittu, daga ƙarshe a gayyace su su yi gwaji da hannunsu. Na ce, "Malam, ni ko sunan fannin ban taɓa ji ba." Ya ce, "Shi ya sa za ki nema. Rubuta abin da ya dame ki, ki turo in duba." Na zauna da dare na rubuta labarin ƙanena, karo na farko da na taɓa sa shi a takarda. Farkon 2021 saƙo ya zo an ɗauke ni.

A tawagar akwai ɗalibi daga Indiya, ɗaliba daga Masar, wata daga Brazil, wani daga Japan, da 'yan ƙasar da ɗakin binciken yake. Masu jagorantarmu biyu ne: wata Farfesa mai furfura, da wani Dakta matashi wanda a zamanin ɗalibtarsa ya taɓa shiga BIOMOD, gasar ɗalibai ta ƙera abubuwa da ƙwayoyin halitta wadda aka fara a Jami'ar Harvard a 2011. Zaman farko ban fahimci ko rabin abin da aka ce ba. Kowa da irin Turancinsa, kuma da sauri. Na kashe kyamara saboda data, na kashe makirfo saboda kukan awaki da janareton maƙwabta. Haka na yi ta zama kamar babu ni.

Amma karatun ya kama ni. Dakta ya fara mana daga awo. Nanomita ɗaya shi ne mita ɗaya an raba ta gida biliyan. Kaurin gashin kai guda ya kai nanomita 80,000 zuwa 100,000, shi kuwa zaren DNA kaurinsa nanomita 2 ne kacal. Mu a aji an koya mana DNA a matsayin ma'ajiyar gado, abin da ke sa ɗa ya yi kama da ubansa. Shi kuma ya ce mu ɗauke shi a matsayin kayan gini. Haruffansa huɗu ne, A na kama T, G na kama C, saboda haka in ka tsara jerin haruffan, kai ka zaɓa wa kowane zare abokin da zai manne wa. Nadrian Seeman ne ya fara kawo wannan tunani a 1982. A 2006 Paul Rothemund na jami'ar Caltech a Amurka ya nuna hanyar naɗe DNA: a ɗauko dogon zare guda na wata ƙwayar cuta mai kama bakteriya, M13, mai haruffa 7,249, a zuba masa gajerun zarurruka wajen 200, a sa gishirin magnesiyam, a ɗumama har kusan tafasa, a bar shi ya huce a hankali. Da kansa zai naɗe ya zama siffar da aka zana, murabba'i ko tauraro ko fuska mai murmushi, faɗinta wajen nanomita 100. Da na gani sai na tuna ɗinkin faifai: doguwar ciyawa tana zagayawa, kaba tana kama wannan layi da wancan har abu ya tsaya da siffarsa. Daga ranar na daina jin tsoron fannin. Da kwamfutar aro ta ɗan Goggo na koyi zana irin waɗannan siffofi a manhajar cadnano, in wuta ta zo.

Sai aka zo kan abin da ya girgiza ni. Akwai zaren DNA da ke iya yanka wani zaren, amma sai in wani ƙarfe na musamman yana wurin. Na farko da aka samu, a 1994, aikin Ronald Breaker da Gerald Joyce, da dalma yake aiki. A 2003 kuma ɗakin binciken Yi Lu a Jami'ar Illinois ya haɗa irin wannan zare da ƙananan ƙwayoyin zinare masu faɗin nanomita 13. Zinare in ya ƙanƙance haka ba ruwan ɗorawa yake ba. In ƙwayoyin suna warwatse ruwan ja ne, in sun dunƙule sai ya koma shuɗi-shuɗi. Zaren DNA ke ɗaure su wuri ɗaya, in akwai dalma sai zaren ya yanke, su watse, ruwan ya yi ja. Michael Faraday ya yi bayanin irin wannan jan ruwan zinare tun 1857, kwalabensa suna Landan har yau. Jan layin da ke fitowa a yawancin abin gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake yi a kemis ma ƙwayoyin zinare ne.

Dakta ya ɗora waya a gefen murhun gwaji ya nuna mana yadda ake yin ƙwayoyin zinaren. Ruwa mai ɗan rawaya yana tafasa, ya zuba sinadarin sitiret, launin ya ɗauke, ya yi duhu, sannan a hankali ya buɗe ya zama ja. Sauran ɗalibai suna tafi. Ni kuwa ina zaune a ɗakin Goggo hawaye na zuba, domin zinaren da aka shigo da dutse gidanmu saboda shi, shi ne ake cewa zai iya nuna gubar da ke tare da shi.

Bayan wannan zaman Farfesa ta nemi mu yi magana mu biyu. Ta ce ta karanta takardata, kuma ba za ta faɗa wa kowa abin da ke ciki ba sai da izinina. Ta ce tawagar na son ƙera ɗan abin gwajin dalma mai arha, ta tambaye ni me ya sa ba na magana. Na ce, "Farfesa, su sun taɓa riƙe kayan nan da hannunsu, ni a hoto nake gani. Ban san abin da zan ƙara ba." Ba ta lallashe ni ba. Tambayoyi ta jero mini. Wane launi ne ruwan rijiyarku da damina? Ina za a ajiye abin gwajin kafin a yi amfani da shi? Wa ke da ikon shiga tsakar gida ya ɗebi ƙasa? Ina amsawa tana rubutawa. Da na gama ta ce, "Duk abin nan babu wanda ya sani a cikinmu, har ni. Ranar zama ki faɗa musu da bakinki."

Na faɗa, muryata na rawa. Na ce tsarin da suka zana ya dogara ga ruwa ya yi ja, alhali ƙasarmu ja ce, ruwan tafki da na rijiya da damina ma jaja-jaja ne, to wa zai bambance? Na ce sun rubuta a ajiye a firiji, mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, kuma ƙauyen ba wuta. Na ce namiji baƙo iyakarsa zaure, saboda haka mace ce za ta yi gwajin, mai yiwuwa ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya, a tsakar gida, yara na kewaye da ita. Aka yi shiru. Sai ɗan Indiya ya ce su ma suna da matsalar dalma a garin kurkur, domin wasu na zuba masa sinadari mai dalma don ya ƙara rawaya. 'Yar Masar ta kawo maganar kwalli, na ce mu ma jarirai ake sa wa tun ranar suna, kuma wani kwallin dutsen dalma ne tsantsa. Ranar muka wuce lokaci ba wanda ya lura. Aka sauya tsarin gaba ɗaya: a tace samfurin tukuna, sakamakon ya fito a matsayin layi a kan 'yar takarda, sinadaran kuma a busar da su da wani nau'in sukari mai suna tirehalos don su jure zafi.

Wannan ne lokacin da na fi jin daɗi, kuma bai daɗe ba. Shekarar 2021 shekara ce mai nauyi a Zamfara. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Da damina 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, su Baba suka bar gona da shuka a tsaye suka dawo cikin garin Anka, ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwa. Farkon Satumba aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindigar, aka rufe makarantu da kasuwannin mako. Ban samu ko damar yi wa tawagar sallama ba. Ba na jin su Inna, ba na jin kowa. In dare ya yi sai na kwanta ina lissafin wanda ya rage da wanda ban sani ba, aikin nano kuwa na cire rai da shi.

Goggo ce ta ce ba za a yi haka ba. Ta kama hannuna ta sa mini kuɗin mota, ta ce, "Ɗiyata, tafi Sakkwato wurin ƙawata, can akwai layi. Abin da kika fara ki ga ƙarshensa." Hanyar Talata Mafara a lokacin ba wanda ke binta da kwanciyar rai. Muna shiga inda sabis yake wayata ta fara ƙara ba tsayawa. 'Yar Brazil, ashe, duk mako sai ta rubuto mini taƙaitaccen abin da aka tattauna, ko da ta ga saƙon bai shiga ba. Sun raba aikina a tsakaninsu, sun bar sunana a kai. Dakta ya naɗi kowane zama ya rage nauyinsa don kada ya cinye mini data. Farfesa kuma layi ɗaya ta rubuto, tana tambaya ko iyayena suna lafiya. Na zauna a kan benci a tasha na karanta su duka kafin na nemi gidan da aka aike ni.

Saura tafiya. Ɗakin binciken ya aiko da takardar gayyata, ya ɗauki nauyin jirgi da masauki. Na yi fasfo, na je na yi layi, na amsa tambayoyi. Aka hana ni biza, dalilin da aka rubuta shi ne ba a gamsu zan dawo ba. Ni kaɗai ce a tawagar ban je ba. Ɗan Japan ya riƙa jingina wayarsa a kan teburin gwaji don in riƙa gani, in sun je cin abinci ma sai su tafi da ni a waya. Na gode musu, amma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da nake kashewa in ce layi ne ya yanke.

Sakamakon kuma bai zo yadda muka so ba. A ruwa mai tsabta da aka zuba wa dalma da gangan, layin ya fito sarai. Da aka gwada da ƙasa sai abin ya rikice. Kafin dalma ta fito daga ƙasa sai an jiƙa ta da ruwan asid, shi kuma zaren DNA ba ya aiki a cikin asid. In an kashe kaifin asid ɗin, wani ɓangare na dalmar sai ya kwanta ya ɓace daga ruwan, ga sauran ƙarafa da gishiri da ke sa ƙwayoyin zinaren su dunƙule ba dalili. Takardun da suka aiko mini ta masinja, na ajiye su a ɗaki cikin bazarar 2022, da na gwada sai layin ya fito dishi-dishi, wasu ma ba komai.

Nan ne na faɗi. A zuciyata na riga na ɗauki alkawarin da ban faɗa wa kowa ba, cewa wata rana zan sa wa Inna wannan takarda a hannu in ce ga shi, ba za a sake ba. Na daina amsa saƙo. Ga wani yajin aikin ya sake tsayar da karatu daga Fabrairu har Oktoba. Abinci ya fita raina, barci ya ƙaurace, Goggo ta yi ta tofa mini addu'a a ruwa. Baba da ya zo Gusau ya gan ni, ya ce, "Ke, in abin nan wahala zai zame miki, ki bar shi hakanan. Mun yafe." Da tausayi ya faɗa, kuma na kusa karɓa.

Wasiƙar Farfesa ce ta tsayar da ni. Ba ta ce kada in damu ba. Ta ce Seeman, wanda ya rasu a ƙarshen 2021, abin da ya sa a gaba tun 1982 shi ne ya gina da DNA wani daskararren abu mai tsari irin na lu'ulu'u, kuma bai samu ba sai 2009, shekara 27. Sannan ta ba ni aiki. Ta ce lalacewar takardun nan a ɗakina shi ne gwajin da ɗakin bincikensu mai sanyi ba zai iya yi ba, saboda haka in rubuta yadda suka lalace dalla-dalla: zafin ɗakin safe da rana da dare, a cikin me na ajiye su, yaushe layin ya fara dushewa. Na sayi ma'aunin zafi da littafi mai layi. Malamin nan namu, wanda a lokacin ko albashi ba a biyansu, ya nemo mini kusurwar teburi a wani ɗakin gwaji, kuma sau da yawa daga aljihunsa yake sa mini data. In na yi godiya sai ya ce, "Ki kawo sakamako, ita ce godiyar." Littafin nan shi ya zama babi mafi tsawo a rahoton tawagar.

Ina da ra'ayi a kan irin waɗannan shirye-shirye, kuma na faɗa wa masu shi. Suna da amfani ƙwarai, amma an gina su ne a kan zaton kowa na da wuta da intanet da fasfon da ke buɗe ƙofa. Ɗalibin da ya fi kusa da matsalar, shi ne ya fi saurin faɗuwa a hanya. Abin da ya riƙe ni mutane ne. Dakta yana mayar mini da rubutuna cike da jan gyara, bai taɓa rage mini ma'auni don na fito daga Zamfara ba, kuma wannan ya fi mini yabo. Farfesa ta iya tambayar da ke fito da abin da mutum ya sani bai san ya sani ba. Malam kuma shi ne ƙasan da na taka. Jagora na nesa, komai kirkinsa, ba zai iya nemo maka teburi da kwalba a garinku ba.

Da na je Anka na zauna na yi wa Inna bayanin aikin gaba ɗaya, har da rashin nasarar. Ta saurara tana tsefe wa ƙanwata kai. Sai ta ce, "To, in takardar ta nuna akwai guba, mi za a yi? Ina za mu koma?" Ban da amsa. Na kai tambayar zaman tawaga yadda ta yi ta, kuma su ma ba su da ita. Bagega ma sai 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa, shekara uku bayan an san halin da take ciki. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a jihar Neja. An hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, amma duk wanda ke yankin ya san rami bai rufe ba, domin talauci bai tafi ba. Tun daga tambayar Inna, duk takardar da muka rubuta sai mun haɗa da abin da uwa za ta iya yi a ranar: kada a shigo da dutse gida, mai dawowa daga rami ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya ɗauki yaro, a niƙa dutse da ruwa a bayan gari don kada ƙura ta tashi, a raba turmin abinci da na aiki, a wanke hannun yara kafin su ci, yaron da ya fara jijjiga kuma a faɗa wa likita cewa ana aikin zinare a gidan.

Yanzu na gama digiri, na yi bautar ƙasa, ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar 'yan mata a Gusau, ina kuma neman gurbin digiri na biyu. Su Baba ba su koma ƙauye ba har yau. Ƙanwata ta koyi ɗinkin hula, hannunta ya faɗa sosai, har 'yan kasuwa na kawo mata aiki. Tawagarmu ta watse kamar yadda tawagar ɗalibai ke watsewa, amma ni da 'yar Masar da ɗan Indiya muna haɗuwa duk wata, Farfesa na leƙo mu in ta samu sarari duk da ta yi ritaya. Mun ajiye maganar ƙasa tukuna, mun koma kan ruwan rijiya kaɗai, domin shi ba ya buƙatar asid mai ƙarfi. Dakta ya aiko da sababbin takardu da aka rufe a leda mai hana danshi. Idan bazara ta kama zan raba su biyu, rabi a kan kantar ɗaki, rabi a cikin gwangwani a gindin randa inda ƙasa ke da sanyi, in riƙa ɗaukar zafin kowanne ina gwadawa har ruwan farko ya sauka.